Tayar gaba da ta baya a tarakta mai jan ƙafa huɗu: lissafin da ba a rubuta a jikin taya ba

A tarakta mai ja da ƙafafun baya kawai, tayar gaba ba ta da wani aiki illa ɗaukar nauyi da bin sitiyari. Ka sa mata babba ko ƙarama, iyaka taraktar ta ɗan ɗaga kai ko ta sunkuya. Mai jan ƙafa huɗu ba haka take ba. Da zarar an sa fowil, wato an sa duka ƙafafu huɗu su ja, aksil ɗin gaba da na baya, wato ƙarafan da tayoyi ke ɗaure a kansu, sun zama abu ɗaya, domin farfela, sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksil, ita ce ta ɗaure su ta cikin giya mai haƙora ƙididdigaggu. A yawancin irin waɗannan taraktoci babu difaranshal, wato giyar da ke barin ɓangare biyu su juya da sauri daban-daban, a tsakiya da zai raba gardama tsakanin gaba da baya, kamar yadda ake samu a wasu motoci. Idan tayar baya ta juya sau ɗaya, ta gaba za ta juya daidai adadin da haƙoran giyar suka yanke mata, ko ƙasar da take takawa ta yarda ko ba ta yarda ba.

Tunda tayar gaba ta fi ƙanƙanta, dole ta fi saurin juyawa kafin ta ci nisan da ta baya ta ci. Kamfani ya riga ya yi wannan lissafi ya zuba shi cikin ƙarfe. Adadin juyin gaba a kan juyi ɗaya na baya shi ne rabon juyi, kuma a manyan taraktocin noma yakan faɗa tsakanin 1.3 da 1.4, ƙananan taraktoci kuma sukan haura haka. Wannan lamba ba ta canzawa sai an kwance giya. Abin da ke canzawa taya ce, kuma a nan duk matsalar take.

Ratar gaba

Ba a tsara tarakta don gaba da baya su yi kunnen doki ba. Da gangan ake sa tayar gaba ta ɗan fi ta baya sauri a ƙasa, wato ta ba ta rata. Kamfanonin taya da na tarakta galibi suna son wannan rata ta tsaya tsakanin kashi 1 da kashi 5 cikin ɗari, masu taka-tsantsan kuma sukan nemi tsakiyar wannan fili, wajen kashi 2 zuwa 4.

Ka ɗauki mutum biyu ɗauke da gungume ɗaya a kafaɗa. In na gaba ya ɗan fi faɗin taku, gungumen na tafiya a miƙe, kowa na ja. In kuwa takunsa ya gaza, na baya zai riƙa tunkuɗa shi, shi kuma yana turjewa, ƙarfin duka biyun na ƙarewa a kan junansu. Haka abin yake a tarakta. 'Yar rata tana sa tayar gaba ta ja taraktar maimakon a turo ta, sitiyari ya ji magana, haƙoran giya kuma su zauna a manne ta gefe ɗaya ba su riƙa karo gaba da baya ba.

Akwai dalili na biyu, wato kwana. Tayoyin gaba kullum sun fi na baya zagaye mai faɗi idan ana juyawa. A ce tazarar aksil ɗin gaba da na baya mita 2.6 ce, tsakiyar aksil ɗin baya kuma tana zagaye a nisan mita 4 daga cibiyar kwanar. Tsakiyar aksil ɗin gaba za ta kasance a nisan mita 4.77, wato tafiyarta ta fi da kusan kashi 19 cikin ɗari. Ratar kashi 3 ba za ta cike wannan giɓi ba, ragewa kawai take yi. Shi ya sa tarakta ke faɗaɗa kwana tana tono ƙasa da gaba idan fowil na ciki, kuma shi ya sa taraktocin zamani ke cire shi da kansu idan an murɗa sitiyari sosai. Kamfanin Kubota ya bi wata hanya a wasu taraktocinsa, inda gaba ke ƙara sauri a cikin kwana mai tsanani, kamfanin Fendt kuma a manyan taraktocinsa ya raba turin aksil biyun yadda ba a ɗaure suke da rabo guda ba. Waɗannan tsiraru ne. Mafi yawan taraktocin da ke gonaki rabonsu a kafe yake.

Lambar da ake lissafi da ita

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a dubi rubutun jikin taya a ce an gama. Rubutun yana da amfani, amma ba shi ne ma'auni ba. Idan ka ga 18.4-38, faɗin tayar inci 18.4 ne, rim ɗinta inci 38, ɗan layin tsakiya kuma na nufin tsohuwar saƙa ce mai zare a gicciye. In R ce a wurin layin, radiyal ce, wato sabuwar saƙa mai zare a miƙe daga gefe zuwa gefe da bel a ƙarƙashin haƙora. Sabon salon rubutu kamar 460/85R38 yana cewa faɗi milimita 460, tsayin gefen taya kashi 85 cikin ɗari na faɗin, rim inci 38. Daga nan kana iya fitar da tsayin tayar baki ɗaya: inci 38 milimita 965 ne, gefe biyu kuma 782, jimla 1,747. In ka ninka da 3.14 za ka sami kewaye na kusan milimita 5,490.

Sai dai taya ba ta cin wannan nisa a juyi ɗaya. Nauyi yana danne ta, ƙasanta ya baje, nisan da take ci a zahiri ya gaza kewayenta da wasu kaso cikin ɗari. Wannan nisa na zahiri shi ne takun taya, kuma kamfanonin taya galibi suna buga shi a littafin bayanan tayoyinsu, kusa da faɗi da tsayi da nauyin da take ɗauka. Shi ake nema, ba tsayi ba, ba kuma nisan tsakiyar aksil zuwa ƙasa ba, wanda wasu ke aunawa da tef su ninka. Wancan nisa yana ba da amsa ƙasa da gaskiya, musamman a radiyal, domin bel ɗin cikinta ba ya gajarta don gefenta ya lotsa.

Lissafin kansa gajere ne. Ka ninka takun gaba da rabon juyi, ka raba da takun baya, ka cire 1, ka ninka da 100.

Ga misali da lambobi zagayayyu, kusa da abin da ake gani a littattafan kamfanoni. Tarakta mai rabon juyi 1.33, baya 460/85R38 mai taku 5,250, gaba 380/85R28 mai taku 4,050. 4,050 sau 1.33 ya ba da 5,386. A raba da 5,250, a sami 1.026. Rata kashi 2.6 ke nan, lafiya ƙalau. Yanzu a ce tayar gaba ta fashe, ba a sami irinta ba, aka ɗauko 340/85R28 tunda ita ma rim 28 take hawa. Takunta wajen 3,850 ne. Lissafi ya koma 0.975, wato gaba ta koma baya da kashi 2.5. In kuma aka ce bari a ƙara girma aka sa 420/85R28 mai taku wajen 4,250, rata ta tashi zuwa kashi 7.7. Duka ukun sun hau rim mai tsayi ɗaya, a ido ba wani bambancin a zo a gani, amma ɗaya ce kawai ta dace da taraktar.

Kashi 7.7 ba ƙaramin abu ba ne idan aka mayar da shi mita. A kowace kilomita ɗaya, tayoyin gaba na neman cin mita 1,077 alhali taraktar 1,000 ta yi. Mita 77 ɗin nan ba su da wurin zuwa illa a goge su a ƙasa, kuma robar da aka saya da kuɗi ce ke gogewa, man da aka zuba kuma shi ke biyan aikin.

Ya fi amfani ka juya lissafin ka fitar da iyakokin da tayar gaba za ta faɗa ciki. Takun baya sau 1.01 a raba da rabon juyi shi ne ƙasa, sau 1.05 shi ne sama. A misalinmu 3,987 zuwa 4,145 ke nan. Faɗin filin gaba ɗaya milimita 158 ne na taku, wanda bai wuce santimita 5 na tsayin taya ba. Duk wanda ya ga ƙanƙantar wannan fili zai daina zaɓen taya da ido.

Yadda za ka auna a kan taraktarka

Rabon juyi wani lokaci yana cikin littafin tarakta, wani lokaci sai an tambayi dila da lambar jikin taraktar. A yi hattara a nan: samfuri ɗaya na iya fitowa da rabo biyu ko uku, gwargwadon tayoyin da aka yi odarsa da su. Lambar da ke kan farantin aksil ɗin gaba kuma, irin na kamfanonin ƙera aksil Carraro ko Dana ko ZF, sau da yawa ragin juyin da giyoyin cikin aksil ɗin ke yi kaɗai take nunawa, ba rabon da ke tsakanin gaba da baya ba. Awon da ka yi da hannunka ya fi duk waɗannan tabbas, kuma alli da tef da mutum uku sun isa.

A nemi fili mai tauri, shimfiɗaɗɗe, miƙaƙƙe, na aƙalla mita 60. A daidaita iskar tayoyi huɗu yadda ake aiki da ita, a bar nauyin da taraktar ta saba ɗauka a jikinta. A yi alama da alli a gefen tayar gaba da ta baya na ɓangare ɗaya, daidai inda suka taɓa ƙasa, a kuma ja layi a ƙasan. A ƙirga haƙoran tayar gaba na gefe ɗaya, domin da su za a auna guntun juyi. In 20 ne, kowane haƙori 0.05 ne na juyi.

Tafiya ta farko fowil a cire. Direba ya tafi a hankali a ƙaramar giya, a miƙe, mutum ɗaya na ƙirga juyin baya, ɗaya na ƙirga na gaba. Baya na cika juyi 10 a tsaya, a rubuta juyin gaba har da guntunsa. A misalinmu zai fito 12.96. A auna nisan da aka yi da tef a raba da 10, takun bayanka na gaskiya ke nan, da duk cinyewar da tayar ta yi. Tafiya ta biyu a sa fowil, a kulle difaranshal, a maimaita. Wannan karon gaba za ta ba da 13.3, wanda a raba da 10 shi ne rabon juyi. Bambancin lambobin biyu, 0.34, a raba shi da ta farko: kashi 2.6. In lambar tafiya ta biyu ta gaza ta farko, gaba a baya take.

Abubuwa uku ke ɓata wannan awo. Na farko, taraktoci da yawa suna sa fowil da kansu idan aka taka birki biyu tare, don haka a tafiyar farko a tsaya da kuloci ko a bar ta ta tsaya da kanta. Na biyu, maɓallin ya kasance a kashe sosai, ba a kan yanayin da na'ura ke zaɓa da kanta ba. Kuma a sani cewa a irin taraktocin da sifirin ke kama kulocin fowil, matsin man haidirolik kuma ya sake shi, idan inji a kashe yake fowil a ciki yake, saboda haka jan taraktar da wata ba zai ba da awon farko ba. Na uku, kuskuren haƙori ɗaya a ƙirga ya kai kusan kashi 0.4, don haka a yi kowace tafiya sau uku a ɗauki tsaka-tsaki, ko a ƙara zuwa juyi 20 in akwai fili. Akwai masu ɗaga gefe ɗaya da jak su juya tayoyi a sama don gano rabon. Ba mu ba da shawarar haka: difaranshal ɗin gaba mai kama kansa yana rikita ƙirgar, kuma tarakta mai fowil a kan jak tana iya sauka ta tafi.

Rata ba ta zama wuri ɗaya

Nan ne mutane da yawa ke sakin layi, ko da sun yi lissafin farko daidai. Taya na cinyewa, takunta na raguwa. Duk milimita 10 da haƙori ya rasa yana rage kewaye da kusan milimita 63. Tayar gaba kuma ta fi saurin ci, saboda ta fi yawan juyi, ita ke murɗawa a kwana, ita ce kuma ke goge ratar. A misalinmu, in gaba ta ci milimita 20 alhali baya sabuwa ce, takunta ya sauko wajen 3,924, rata ta koma ƙasa da sifili da kashi 0.6. In aka juya, aka sa sabuwar gaba a kan bayan da ta ci milimita 25, takun baya ya zama wajen 5,093, rata ta tashi zuwa kashi 5.8. Girman da ke rubuce bai canza ba ko a ɗaya, amma duka biyun sun fita daga fili.

Abin da wannan ke nufi wajen saye: in ana canza huɗun tare, a nemi rata wajen kashi 3 zuwa 4, domin saukowa za ta riƙa yi. In gaba kaɗai za a canza, a yi lissafi da takun baya da aka auna da tef, ba na littafi ba, sannan a duba cikin kamfanoni wanda tayarsa ta wannan girma ta fi ɗan gajeren taku. Sabbin tayoyin baya a kan tsofaffin gaba shi ne haɗin da ya fi muni, kuma akan yi shi don kawai na gaban suna da sauran haƙori a ido.

Kamfani ma na da tasiri. Taya biyu masu rubutu iri ɗaya daga kamfanoni biyu ba lallai takunsu ya zo ɗaya ba, kuma bambancin milimita 80 a tayar gaba kashi 2 ne cif, rabin filin da ake da shi. Haka zanen taya. R-1 ita ce ta noma da aka saba, R-1W haƙorinta ya fi zurfi da kusan kashi 20 cikin ɗari, R-2 ta shinkafa da rake zurfinta ya kai kusan ninki biyu na R-1, R-3 ta ciyawa ce mai ɗan zane, R-4 kuma ta aikin gini da loda, wato bokitin ɗiban kaya da ake ɗaurawa a gaban tarakta. Wanda ya sa R-4 a gaba don loda ya bar R-1 a baya ya taɓa lissafi ko bai sani ba. Radiyal da mai zare a gicciye ma takunsu ya bambanta ko da girman ɗaya ne. Ana iya haɗa su gaba da baya in lissafi ya yarda, amma ba a aksil ɗaya ba.

Batun aksil ɗaya a taƙaice: hagu da dama su zama girma ɗaya, kamfani ɗaya, ci ɗaya, iska ɗaya. In ba haka ba difaranshal zai yi ta aiki ko a miƙaƙƙiyar hanya, mai kama kansa kuma faifansa su yi zafi su cinye.

Iska da nauyi suna motsa ratar, amma kaɗan. Loda cike da kaya yana danne tayar gaba ya rage mata taku, garma mai nauyi a baya kuma ta yi akasin haka. Mai zare a gicciye ta fi radiyal jin canjin iska. Wasu kan cika gaba da iska su rage ta baya don su ƙaro rata. Dabara ce da ba ta wuce gyaran guntun kaso ba, kuma tana da tsada: iskar taya daga teburin nauyi da gudu ake ɗaukar ta, taya mai iska fiye da kima tana rage riƙo ta danne ƙasa, mai ƙarancin iska kuma gefenta ke tsagewa. Taya da ba ta dace ba, geji ba zai gyara ta ba.

Me ya sa wasu ke cewa sun yi shekaru ba abin da ya faru

Suna iya zama masu gaskiya, kuma dalilin yana cikin ƙasa. A gona, idan tarakta na jan garma, dukkan tayoyinta suna ɗan zamewa, kuma zamewar kashi 8 zuwa 12 ita ake so a mai jan ƙafa huɗu. In baya na zamewa da kashi 10 ratar kuma kashi 3 ce, gaba na zamewa da kashi 12.6. In gaba na baya da kashi 2.5, zamewarta kashi 7.7 ce, wato har yanzu tana ja, sai dai ba ta ɗaukar rabonta na aikin. Ƙasa mai laushi ta shanye bambancin. Asara akwai, a mai da riƙo, amma ba mai ƙara ba ce.

Labari yana canzawa a inda zamewa ta ƙare: kan kwalta, kan siminti, busasshiyar ƙasa mai tauri, ko aiki mara nauyi kamar feshi da jan tirela. A nan taya ta kama ƙasa da kyau, bambancin ba shi da mafita, sai ya taru a farfela ta murɗe kamar igiya har taya ɗaya ta kuɓuce ta yi tsalle, sannan a sake daga farko. Aksil ɗaya na turi, ɗayan na birki, ƙarfin da ke zagaye tsakaninsu kuma yana iya fin wanda aikin kansa ke bukata. Loda ya fi kowane aiki haɗa sharrin wuri ɗaya, domin ga nauyi a gaba da ke hana tayar zamewa, ga daɓe mai tauri, ga kwana da ribas ba iyaka.

Alamun ba su da wuyar ganewa. Libar fowil ta ƙi fita sai an ɗan yi baya, ko ta fita da ƙara kamar an buga guduma. Taraktar na tsalle-tsalle a kan hanya, ko ka ji ta saki jiki ta ƙara gudu da zarar an cire fowil. Haƙoran tayar gaba suna ci a karkace, gefe ɗaya ya yi kaifi. Gaba mai baya-baya tana sa sitiyari nauyi, kwana ta ƙara faɗi. Kwanon aksil da hob, wato kan aksil inda ake ɗaura taya, suna zafin da hannu ba ya jurewa, man cikinsu kuma ya fito da ƙyallin garin ƙarfe. Abin da ke karyewa yawanci daga mai arha ne zuwa mai tsada: haƙoran soket ɗin farfela su share, kuros, wato gaɓar da ke barin sanda ta juya a lanƙwashe, ya yi sako-sako, faifan kulocin fowil su ƙone, sannan finiyon da kambinsa, wato ƙaramar giya da babba da ke shigar da juyi cikin aksil, sannan ƙananan giyoyin cikin hob da boris ɗinsu. A ƙananan taraktoci giyoyin da ke gangarowa zuwa ƙafar gaba su ne kan fara tafiya. Makaniken da ya canza waɗannan bai auna rata ba, zai sake ganin taraktar.

Canza girma ba tare da ɓata lissafi ba

Ana canza girman taya don dalilai masu kyau: mai faɗi don rage danne ƙasa, siririya don shiga tsakanin kunya. Don sauƙaƙa wannan aka kasa tayoyi rukuni-rukuni. A Amurka ana amfani da lambar RCI, wato lambar rukunin takun taya, inda kowane mataki ya fi na ƙasansa taku da kashi 5 da ɗoriya. 480/80R46 da 520/85R42 da 710/70R38 duk rukuni na 47 ne, 380/85R34 da 420/90R30 kuma na 42. Taraktar da aka ƙera da tazarar mataki biyar tana ɗaukar 47 a baya da 42 a gaba, ko 48 da 43, kamar 480/80R50 da 380/80R38. Ƙa'idar ita ce tazarar ta tsaya yadda take: in baya ta hau mataki, gaba ma ta hau. A Turai lambar rukunin ita ce SRI, ta ETRTO, ƙungiyar Turai mai tsara ma'aunan taya da rim. 520/85R38 da 580/70R38 da 650/65R38 duk 875 ne, abokan tafiyarsu na gaba 420/85R28 da 480/70R28 da 540/65R28 kuma 675. Ka lura yadda faɗi ke ƙaruwa kason gefe na raguwa, tsayi ya tsaya kusan wuri ɗaya.

Siririyar taya kuma rim ake ƙara wa tsayi. 300/95R46 tsayinta milimita 1,738 ne, dab da 1,747 na 460/85R38, 230/95R36 kuma 1,351, dab da 1,357 na 380/85R28. Sai dai rukuni jagora ne kawai zuwa ga 'yan takara. Faɗin rukuni ɗaya ya kai faɗin filin ratar gaba ɗaya, don haka in gaba ta faɗo a ƙasan rukuninta baya kuma a saman nata, ana iya fita daga fili alhali lambobin rukuni sun yi daidai. Bayan an zaɓa, a koma ga takun da kamfani ya buga a yi lissafi.

Taku ya dace ba shi ne ƙarshen bincike ba. Faɗin rim dole ya kasance cikin waɗanda kamfanin tayar ya amince da su, domin rim matsattse yana tattaro taya ya canza mata siffa da taku. A duba lambar nauyi da harafin gudu: 142 A8 na nufin kilo 2,650 a gudun kilomita 40 a awa, B 50 ce, D kuma 65. Siririyar taya tana bukatar iska mai yawa kafin ta ɗauki abin da mai faɗi ke ɗauka. A murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, aksil a karkace, a ga ko taya na taɓa madigadi ko jikin inji ko ƙarfen loda. In tana taɓawa a gyara kusoshin da ke tsayar da sitiyari. In takun baya ya canza, agogon gudu zai yi ƙarya, injin feshi ko na shuka da ke karɓar gudu daga tarakta shi ma sai an sake saita shi.

Manyan taraktoci masu lanƙwasa a tsakiya, irin su Steiger na Case IH da jerin 9R na John Deere da Kirovets, nasu lissafin daban ne. Tayoyinsu girma ɗaya ne gaba da baya, rabon juyi ɗaya da ɗaya, ba a gina musu rata a giya ba. Abin da ake kiyayewa shi ne duka su zama iri ɗaya a girma da kamfani da ci, kuma in za a canza rabi, sababbin su tafi aksil ɗin gaba don kada baya ta riƙa turo shi.

In kuwa dole ta sa an ɗaura tayar da ba ta dace ba, a tsakiyar aiki misali, a sa irinta a ɗaya gefen ma, a bar fowil a cire, a shigar da shi kawai a ƙasa mai laushi lokacin da taraktar ke neman kafewa, a fitar da shi da zarar ta fita. A taraktar da birki ke sa fowil da kansa, a rage gudu a kan hanya da kaya masu nauyi, domin kowane taka birki zai haɗa aksil biyun da ƙarfi a kan kwalta, inda babu zamewar da za ta shanye bambancin.